Katantanwa Ta Cinye Gwiwar Injinmu, Kakana Ya Hana A Taɓa

Salamu alaikum Mama Sapia. Ki agaza mini, kuma don girman Allah kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe, domin dariyar ce ta kai ni inda nake. A tsibirinmu ko cewa na yi gidanmu ya kama da wuta, gyara zama mutane za su yi su jira su ji inda labarin zai ƙare. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi sunan garinmu ba, ko da yake na san duk wanda ya karanta wannan daga nan har birnin Ambon zai ce ai ɗan iskan jikan Tete Talib ne.

Na ɗan haura ashirin. Ban yi boko ba, Alƙur'ani na sauke a barandar liman, rubutun nan da kike gani a waya na koye shi, in kin ga ya karkace ki miƙe shi. Aikina shi ne kula da ɗakin batir da ke bakin ruwa. Ni ne mai share gishiri a jikin wayoyi, ni ne mai duba fitilun allon, ni ake zagi in wuta ta ɗauke.

Wutar tamu daga teku take zuwa. Wata makaranta ce ta turo Injiniya Yosina da mutanenta suka kawo mana inji, muka sa masa suna Ƙaguwa, don in kin gan shi ba za ki kira shi wani abu ba. Ciki ne rawaya da hannuwa huɗu, kowane hannu da ganga mai yawo a ƙarshensa. Igiyar ruwa ta ɗaga gangar, ta sauke ta, wannan ɗagawa da saukewar ita ke juya abin da ke cikin cikin, wuta ta biyo waya ta ƙarƙashin yashi ta shigo ɗakina. Irinta ta farko da aka gwada a wani tsibiri ba ta da wayo, iskar gabas na zuwa ta karya ta kamar tsinke. Tamu sabuwar ƙira ce. In ta ji raƙuman ruwa sun fi ƙarfinta sai ta naɗe hannuwanta ta nutse ƙasa ta lafe, in teku ta huce ta taso ta ci gaba da aiki. Na ce wa liman ta fi rabin mazan garin nan sanin lokacin da ake yin shiru. Bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa ya motsa.

Mama, kafin zuwanta sai ranar da jirgi ya kawo mai muke ganin wuta. Yanzu mata na samun ƙanƙara, kifi ba ya ruɓewa kafin a kai shi kasuwa. Caca Mina ungozoma tana da firij na magani, ta daina karɓar haihuwa da tocila a baki. Ba kirari nake yi wa ƙarfe ba, abin da idona ya gani ne.

Ga inda aka yi kuskuren, kuma ba ni na yi ba, a rubuta wannan. Injiniya ta nuna wa dattawa wuri biyu da za a iya ɗaure Ƙaguwa, ɗaya a bayan duwatsu, ɗaya a cikin ruwan da ake shirin yi wa sasi, wato dokarmu ta gargajiya ta rufe ruwa a hana kamu na wani lokaci. Dattawa suka ce a cikin sasi mana, ina ma wani wuri? Da zarar an kafa sanda da ganyen kwakwa, liman ya sanar bayan Juma'a, an gama: ba mai shiga, ba mai ɗaukar ko fanko na katantanwa, ɓarayin waya na maƙwabta ma tsoron abin suke ji. Injiniya har tafi ta yi, ta ce ba ta taɓa samun mai gadi kyauta irin wannan ba. Aka ɗaure inji, aka rufe ruwa don katantanwar lola ta girma a sayar a yi wa masallaci rufi, aka ci papeda, tuwonmu na nan, da kifi aka watse. Duk taron nan, da masu digiri da masu furfura, ba wanda ya tambaya: to wa zai riƙa yi wa Ƙaguwa wanka?

An shafa wa jikinta wani fenti da ƙananan katantanwa ba sa iya mannewa, kuma yana aiki. Amma gwiwoyin hannuwan, inda ƙarfe ke goga ƙarfe, fenti ba ya zama a nan. To nan suka samu gida. Sun yi aure, sun haihu, sun kira dangi. A waya ina ganin motsin kowane hannu, na ukun yanzu da ƙyar yake ɗagawa, kamar tsoho zai yi kabbara. Wuta ta ragu har na fara kashe injin ƙanƙara da rana don firij ɗin Caca Mina ya kai gari ya waye. Injiniya ta ce mini a waya, “Ƙanena, in iskar gabas ta zo ta tarar ba ta iya naɗe hannu, karyewa za ta yi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ba za a kawo muku wata ba.” Aikin hantsi ɗaya ne, mutum biyu da abin kankara. Iskar ta kusa, tsuntsayen da ke riga ta zuwa sun fara wucewa. Sasi kuwa sai bayan iskar za a buɗe.

Shugaban kewang, masu tsaron sasi, shi ne Tete Talib, mahaifin mahaifiyata. Ni da shi tun ina rarrafe muke yi. Ina ce masa Tsohon Kifi, yana ce mini Biri. Ranar da aka kunna wutar farko na gaya masa a asirce cewa ruwan da ke daidai inda waya ta fito tudu yana maganin ciwon gwiwa, amma sai mutum ya tsaya a ciki da hantsi yana kallon gabas, da cokalin ƙarfe a baki don wutar ta samu hanyar fita. Na ce kada ya gaya wa kowa. Washegari shi da abokansa uku, kowa da cokalinsa, zani a naɗe, har rana ta take. Garin nan bai taɓa yin dariya irin ta ranar ba. Kuma ina nan kan bakana, tafiyarsa ta ɗan miƙe daga baya.

To da na je masa da wannan maganar na zauna a ƙasa, na tanƙwashe ƙafa, na ce Tete, gwiwar Ƙaguwa ta lalace. Sai ya ajiye shayinsa ya ce, “Wata gwiwar kuma? Wannan karon cokali nawa zan zo da shi, Biri?” Na nuna masa waya. Ya ce wayar da na taɓa sa kukan akuya a cikinta na ɓoye a ƙarƙashin gadon Nene, kakata? Na rantse masa. Ya ce in bar rantsuwa, bakina ya yi mata ƙanƙanta. Abokansa da ke wurin suka ce ai kwaɗayin lola ne ya taso wa yaron, yana so ya shiga ya gasa.

Na koma sau da yawa, har ya gaji ya yi mini magana ta gaske, kuma ita ce ta fi ba ni haushi don ban samu amsarta ba. Ya ce ko da gaskiya nake faɗa, abin da ya tsiro a ruwan sasi na sasi ne, ko a kan dutse ya tsiro ko a kan ƙarfe. Na ce ba zan fito da ko ɗaya ba, a ruwa zan zubar. Ya ce wadda ka kankare ta mutu, kisa da ɗauka duk ɗaya ne a wurinsu. Sannan ya ce, “Ka saurara. In na bar jikana ya shiga yau da sunan duba inji, gobe kowane ƙato a garin nan injiniya ne. Za ka ga mutum da buhu yana cewa gwiwa ya je dubawa. Iyayenmu sun riƙe abin nan ba bindiga ba ɗan sanda, da kunya kawai. Ba a hannuna zai mutu ba.”

Mama, na yanke shawara. Ranar Juma'a, in maza sun shiga masallaci, zan ce cikina na murɗa, in zaga ta bayan duwatsu da ƙaramin kwale-kwale in yi aikin ni kaɗai. Abokina Bahrun ya ce zai raka ni, da ya ji ranar ya ce shi ma cikinsa ya fara murɗa tun yanzu. Na san hukuncin. Ana rataya wa mutum abin da ya taɓa a wuya, a zaga gari da shi yana kiran sunansa da na ubansa, shugaban kewang na gaba yana buga ganga. Ni wannan bai dame ni ba, wallahi har rawa zan yi musu. Mahaifiyata ce ta gano, don ta ga ina wasa abin kankara a bayan kicin. Ba ta yi faɗa ba, ta zauna ta yi kuka. Ta ce ta san ubanta, zai buga gangar nan da hannunsa har ƙarshen gari ba zai rage ko lungu ba, daga nan zai ajiye sandarsa, kuma ba zai ƙara zama a sahun gaba ba har ya mutu.

Wannan ne ya hana ni barci. Amma in na tsaya, Ƙaguwa ta karye, mu koma duhu, kuma kowa zai ce ai dama Biri aka ba gadi. Duk rayuwata abu ɗaya na taɓa riƙewa da gaske, shi ne wannan. Ban rubuto don ki hana ni ba, don ba na jin zan hanu. Na rubuto ne in ji ko akwai wata ƙofa da ban gani ba, kafin in fasa bango.

Naki,
Mai Gadin Ƙaguwa

AMSA

Wa alaikas salam, ɗana Mai Gadi. Na karya maka alkawari, na yi dariya a wurin cokali. Amma na kai ƙarshe, kuma ban ga ɗan iska a wasiƙar nan ba. Na ga saurayin da yake kashe ƙanƙara don maganin ungozoma ya kwana da sanyi. Na yarda da kai, ka fara riƙe wannan.

Kana da gaskiya a kan injin, kuma jira ba zai gyara shi ba. Kakanka ma yana da gaskiya, kuma kai da kanka ka ce ba ka samu amsarsa ba. Ka lura da abin da ya fi tsoro. Maganar katantanwar da za ta mutu ya faɗe ta, amma inda muryarsa ta yi nauyi shi ne ƙaton nan mai buhu. Tsoronsa ƙofa ce da in ta buɗu ba za ta ƙara rufuwa ba. Shirinka na Juma'a kuwa shi ne ainihin wannan ƙofar. Ranar da jikan shugaba ya shiga a ɓoye, kowa ya samu hujja, ciki har da ɓarayin wayar da sasi ke kore muku. Za ka ceci hannu ɗaya na Ƙaguwa ka kore mata mai gadi.

Sannan abu biyu da ba zan yi maka sassauci a kansu ba. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani ba ya barin Juma'a da ƙaryar ciwon ciki, ka fi ni sanin wannan. Kuma mutum ɗaya ba ya nutso a ƙarƙashin ƙarfe mai motsi, ba kowa a sama. Injiniya ta ce mutum biyu, ba don ado ta faɗa ba. In hannun nan ya sauko a kanka, mazan da za su cece ka duk suna sauraren huɗuba.

Ga ƙofar da ka tambaya. Akwai mutanen da doka ta yarda su shiga ruwan nan, su ne kewang, domin ba a tsaron abin da ba a dubawa. Saboda haka ka daina roƙon a bar ka ka shiga. Ka roƙi Tete ya je ya gani da idonsa. Ba ka nemi ya yarda da bakinka ba, ba ka nemi ya yarda da wayarka ba, aikinsa ka nemi ya yi. Duk tsohon da ya girma a tsibiri ya san yadda katantanwa ke cin gindin jirgi, kallo ɗaya zai ishe shi.

Kuma kada kai ka kai roƙon. Na san wannan zai yi maka ciwo, amma bakinka ya sha wasa, kuma ba a wata ɗaya ake wanke shi ba. Caca Mina ta je, ta gaya masa abin da ke cikin firij ɗinta da abin da zai faru in ya ɗumama. Matan da ke sayar da kifi su raka ta. Mahaifiyarka ta zauna kusa da ubanta. Injiniya Yosina kuma ta bar aike ta waya, ta hau jirgi ta zo da ƙafarta, ta gaida dattawa yadda ake gaishe su, ta ce da ita aka zaɓi wurin nan kuma ita ma ba ta hango ba. In babba ya fara cewa mun yi kuskure tare, sauran manya sukan samu inda za su sa ƙafa su sauko.

Abin da za a nema a wurin majalisar gari ya zama ƙarami kuma a fili. Liman ya sanar a masallaci, kamar yadda ya sanar da rufewa. Da hantsi, gari na tsaye a bakin ruwa. Kewang ne kawai a cikin kwale-kwale, su ne masu kankara. In an ci karo da lola a jikin ƙarfe, a ɗauke ta da hannu a ajiye a kan dutse. In sun dawo a kife kwale-kwalen a gaban kowa, a ga ba komai. Ta haka ba wanda ya keta sasi, sasin ne ya gyara abin da aka ba shi amana. Wannan magana ce da kakanka zai iya faɗa a gaban abokansa kansa a ɗage. Batun ƙananan da za su mutu a wurin kankara kuwa, shi da liman za su auna shi, ba kai ba, ba ni ba. In sun ce sai an yi sadaka ko addu'a a kai, a yi.

Yana iya cewa a'a, ba zan ɓoye maka ba. In haka ta faru, ka tambayi Injiniya ko za a iya umartar Ƙaguwa ta naɗe ta nutse tun yanzu, tun hannun na ukun yana ɗan motsi, ta kwanta a ƙasa har a buɗe ruwa. In zai yiwu, a kai wa gari zaɓin ƙarara: hantsi ɗaya na kewang a cikin ruwa, ko duhu har bayan iska. Duhun watanni da inji lafiyayye ya fi duhun da ba ranar fita. Kuma wutar ta gari ce, su ya kamata su zaɓa da idonsu a buɗe, ba kai kaɗai a bayan duwatsu ba.

Yanzu tambayata gare ka, ka amsa wa kanka. Wutar kake so ta rayu, ko so kake a ce kai ka cece ta? Domin in shawarata ta yi aiki, ranar kana tudu. Ba wanda zai zaga gari da kai, ba wanda zai tafa maka. Aikinka shi ne kafin ranar ka kife wani tsohon jirgi a kan yashi, ka tara tsofaffin nan, ka nuna musu inda ake kankara da inda ba a sa ƙarfe, inda mutum zai riƙe da inda in ya riƙe zai bar yatsa. Za su zolaye ka, su ce Biri ya zama malami. Ka bar su su rama, suna bin ka bashi. Kai dai kada ka sa wasa ko na ƙwayar zarra a cikin wannan darasin, don ran mutum ne a ciki. Wasanka kuma kada ka jefar da shi, gari na buƙatar mai sa shi dariya, ka dai jingine shi har iska ta wuce.

Ka ce ba ka jin za ka hanu. Ban hana ka ba, na ƙara maka aiki ne, kuma wanda ya fi nutso wuya. Yau ɗin nan ka je wurin mahaifiyarka ka ce mata ta share hawayenta, Juma'a kana masallaci. Abin kankarar da ka wasa kuwa ka ɗauka ka kai wa Tete Talib, ka durƙusa, ka miƙa masa ta wajen ƙota.

Allah ya tsare muku wutarku da ruwanku, ya ja kwanan tsohon nan, ya sa iskar gabas ta zo ta same ku a shirye.

Taku,
Mama Sapia